Ƙidayar Tsuntsayen Fadama Ba Wasan Turawa Ba Ne

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da sanyin hunturu ya kankama, akan ga waɗansu mutane a bakin tafkin Nguru da na Dagona cikin Jihar Yobe, wasu a ƙafa wasu a kwalekwale, kowa rataye da madubin hangen nesa, riƙe da littafi da fensir. Ba su suka fito ba, ba kuma farauta ba. Tsuntsaye suke ƙirgawa. Mutane da yawa idan suka ji wannan labari sai su yi dariya, su ce ai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, ƙasar da har yanzu take fama da rigimar ƙidayar mutanenta ina ita ina ƙidayar agwagin ruwa?

Wannan dariya kuskure ce, kuma waɗanda ya kamata su riga kowa ganewa su ne 'yan Arewa mazauna Kudu. Mutumin Damagum ko na Ngelzarma da ke dillancin shanu a Agege, da mutumin Gashuwa mai sayar da barkono da tattasai a kasuwar Mile 12 ta Ikko, da mai bandar kifi a Anaca, da mai buhunan shinkafa da wake a Bodija ta Badun, dukansu daga fadama suke ci, ko sun sani ko ba su sani ba. Saniyar da aka loda a mota a kasuwar Potiskum, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ba ta iso kasuwa da ƙiba ba sai da ta sami ciyawa da ruwan sha da rani, kuma idan rani ya tsananta a wannan yanki fadama ce ke rufa wa makiyayi asiri. Ƙidayar tsuntsaye da itatuwa da ciyayi ita ce littafin lissafin wannan dukiya. Ɗan kasuwar da ba ya duba littafinsa kuwa, wata rana sai dai ya wayi gari ya tarar uwar kuɗi ta tafi.

Ga wanda bai san wurin ba, Damagum ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Potiskum ta bi ta Damaturu zuwa Maiduguri. Ƙasar tudu ce mai gajeriyar damina, inda ake noman gero da dawa da wake, ruwanta kuwa na tafkuna ne da ƙoramu, masu cika da damina su ƙafe da rani. Arewa da ita kogin Kumadugu Gana ya ratsa, ya wuce ta Dapchi. Can gaba kuma, daga Gashuwa da Nguru har zuwa Haɗeja a Jihar Jigawa, nan babbar fadama take, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa tsakanin tuddan rairayi kafin su haɗu su zama Kumadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Sama da mutum miliyan ɗaya ne ke rayuwa da wannan fadama, manoma da masunta da makiyaya da masu saƙar kaba. Ruwan da ke kwantawa a cikinta kuma shi ne ke tsotsewa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke kewaye.

Abin da ya sami wannan fadama shi ne babban darasi. A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a Jihar Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Challawa. Babu mai musun amfanin da suka yi, domin da su birnin Kano ke samun ruwan sha, da su kuma ake noman rani a Kadawa da Kura, inda tumatir mai yawa ke fitowa ya zo Kudu. To amma ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne aka rage wa. Ga kuma fari na 1973 da na 1984 da suka zo suka ƙara dagula al'amari. A 1969 da 1974 faɗin ƙasar da ruwa ya mamaye a fadamar ya wuce murabba'in kilomita 2,000. A 1991 bai kai 1,000 ba, a 1993 kuwa ko 500 bai kai ba. Talakawan wurin sun ga haka da idonsu tun kafin kowa, sun ga gonar shinkafa ta koma fako, sun ga masunci ya rataye komarsa ya nufi Ikko neman aikin gadi. Sai dai kukan da ba shi da alƙaluma ba ya nisa a ofishin gwamnati.

Alƙaluman sun samu ne bayan 1987, shekarar da aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, da ofishinsa a garin Nguru. Gidauniyar kiyaye halittu ta Nijeriya, watau NCF, ita da ƙungiyar IUCN ta duniya da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila mai suna RSPB na cikin waɗanda suka haɗa hannu. Da tsuntsaye aka fara, amma ba a daɗe ba ma'aikatan suka gane cewa maganar tsuntsu ba ta rabuwa da maganar ruwa, maganar ruwa kuma ba ta rabuwa da ta mutane. Sai suka shiga auna faɗin ambaliya kowace shekara, har ta jirgin sama, suna bin sawun kifin da ake kamawa, da itacen da ake sarewa, da amfanin gonar da ake samu. A 1993 aka tattara sakamakon cikin wani littafi da masana uku suka shirya, Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano.

Cikin binciken da aka yi a wancan lokaci akwai wanda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe. A 1991 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta ribar da ake samu daga ruwa idan aka bar shi ya gangaro fadama, da ribar da ake samu idan aka tare shi domin babban shirin noman rani na kogin Kano. Noma da su da itacen wuta kawai suka lissafa, ba su sa kiwo ba, ba su sa ruwan rijiya ba. Duk da haka, da aka auna ruwa daidai wa daida, ribar fadama ta ninka ta babban shirin fiye da sau ɗari. Irin wannan hujja ce mutanen Yobe da Borno suka samu ta dogara a kanta duk lokacin da aka ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are cikin Jihar Bauchi, wadda aka fara aka tsaya, har yau ba a kammala ba. Da ba a yi awo ba, da abin da za su iya faɗa bai wuce a ji tausayinsu ba.

To, me ya kawo tsuntsaye cikin wannan lissafi? Dalili shi ne tsuntsu ba ya karɓar cin hanci, ba ya kuma tsoron shugaban ofis. Inda ruwa ya kwanta da faɗi, ya yi ƙananan kifi da kwaɗi da tsutsa da 'ya'yan ciyawa, nan yake sauka. Inda ruwa ya janye ko ya lalace, sai ya wuce. Ƙirga kifin da ke cikin tafki abu ne mai wuya, amma ƙirga zalɓe da jinjimi da kwasakwasa da ke cin kifin abu ne da mutum biyu za su yi da hantsi ɗaya. An kuwa lura a wannan fadama cewa shekarar da ambaliya ta yi faɗi tsuntsaye sun fi yawa, shekarar da ta tsuke sai su ragu.

Yadda ake aikin ba shi da wani asiri. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, aka kuma tsara ta Afirka a 1991. Ana zaɓen tsakiyar Janairu ne domin a lokacin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha sun riga sun sauka sun natsu, ba a kan hanya suke ba, saboda haka ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba. Akan koma wuraren da aka je bara, a tsaya inda aka tsaya bara. Idan garke ƙarami ne a ƙirga ɗai-ɗai, idan babba ne a ƙirga goma ko ɗari, sa'an nan a auna sauran da ido, kamar dai yadda dillali ke kallon garken shanu ya faɗi yawansu. Kowane iri da layinsa a littafi, dinya daban, dani daban, kirinjijiya daban, baƙin agwagin Turai daban. A fadamar Haɗeja da Nguru an ƙirga tsuntsayen ruwa kusan 260,000 a Janairun 1995, kimanin 200,000 a 1996, sama da 324,000 a 1997. Ire-iren tsuntsayen da aka rubuta a yankin kuwa sun kai 377.

Waɗannan alƙaluma sun yi aiki. Yarjejeniyar kiyaye fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 tana da sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne wuri ya zama yana tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wannan jeri, a 2008 kuma Dagona da Baturiya suka biyo baya. Dagona, wadda Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarta a 1989, tana cikin gandun daji na ƙasa na yankin Chadi da aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da duniya ke kula da su. Mai karatu na iya cewa suna ba ya cika ciki, kuma gaskiya ne. Amma wurin da ke da suna a rubuce ya fi wuyar a shafe shi da alƙalami ɗaya, kuma shi masu ba da tallafi ke fara tunawa.

Ƙidayar tsirrai ba ta yi suna kamar ta tsuntsaye ba, alhali kuwa ita ta fi kusa da tukunyar talaka. A nan akan ja igiya a miƙe cikin daji ko bakin ruwa, a yanki fili mai awo, a rubuta duk abin da ya tsiro a ciki, a auna kaurin itatuwa, a kuma ƙirga ƙanana masu tasowa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci. Kurmin goruba ko na bagaruwa ko na giyayya yana iya yin kyau a ido, amma idan babu 'ya'ya a ƙarƙashin manyan, to kurmin ya riga ya mutu, jana'iza kawai ta rage. Haka nan idan burgu da roba, ciyayin da shanu ke ƙiba da su, suka fara ja da baya, mai awo zai gani shekaru kafin mahauci a Agege ya ga ƙashi ya fi nama yawa.

Labarin kacalla ya isa misali. Kafin madatsun ruwa, kogin Haɗeja kan cika da damina ya ƙafe da rani, wannan ƙafewa kuwa ita ke hana kacalla yaɗuwa. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta bazu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zama wani gari ruwa ya cinye masa gonaki, maƙwabcinsa kuma ko ɗigo bai samu ba. Ta hana masunci jefa koma, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Kuɗin da aka kashe daga baya wajen yanke ta da yashe magudanai ba kaɗan ba ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma da an sa ido a kanta tun tana 'yar kaɗan, aka gyara yadda ake sakin ruwa, da abin bai kai haka ba.

Akwai masu adawa da wannan aiki, kuma ba a ce maganarsu duka banza ce ba. Manomi zai ce tsuntsu maƙiyinsa ne. Amsa ita ce jan-baki daban, tsuntsayen ruwa daban, balbela ma fara da ƙwari take ci, kuma mai ƙidayar nan shi ne zai iya nuna inda jan-baki ke kwana domin a yi maganinsa ba tare da an watsa guba a tafkin da mutane ke sha ba. Masunci da makiyayi za su ce duk lokacin da masu littafi suka zo, abin da ke biyo baya shi ne allo da doka da ma'aikacin gandun daji. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin an sha keɓe wurare ba tare da an zauna da masu wurin ba. Maganinsa shi ne a sa su cikin aikin tun daga farko, su ga alƙaluman, su sa baki a hukuncin da za a yanke. Wasu kuma za su ce jihar da ta sha wahalar rikicin Boko Haram, har aka sa mata dokar ta-ɓaci a 2013, tana da abin da ya fi tsuntsu damunta. Lalle haka ne, sai dai rashin ruwa da makiyaya na cikin abubuwan da ke haddasa faɗa tsakanin manomi da makiyayi, suna kuma korar samari daga ƙauye. Akwai ma maganar lafiya, domin tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, sa ido a kan wuraren da tsuntsaye ke taruwa ya zama abin da ya shafi duk mai kiwon kaji.

Inda gyara yake shi ne a yadda aikin ke tafiya. Na farko, ya dogara ƙwarai da kuɗin waje, idan mai tallafi ya tafi sai littafi ya rufe, alhali ƙidaya ba ta da amfani sai an jera ta shekara bayan shekara. Na biyu, sakamakon yakan ƙare cikin rahotannin Turanci da mai unguwa ba zai taɓa gani ba. Na uku, wanda ya fi shafar Damagum, shi ne hankali ya tattara a manyan wurare masu suna. Tafkunan ƙasar Fune da fadamun bakin Kumadugu Gana babu wanda ke cikin jerin Ramsar, kuma wataƙila babu wanda zai tara tsuntsu 20,000. Amma su ne mashayar dabbobi a kan hanyar kiwo, su ne wurin lambun rani, su ne kuma suka fi saurin ɓacewa. Ana nome su har baki, ana sare itatuwan da ke riƙe gaɓarsu a yi gawayi, rairayi ya cike su a hankali, injin ban-ruwa ya zuƙe abin da ya rage. Ƙaramin tafki idan ya mutu babu jaridar da ke bugawa. Gauraka ma da tsofaffi suka saba gani a fadamun Arewa haka ta yi ta raguwa shiru, har ta kai yau da wuya a gan ta a ƙasar nan.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jiha da ƙaramar hukuma ba. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Fune, tare da sarakuna da hakimai na Damagum da Jajere da Ngelzarma, su buɗe rajistar tafkuna da fadamu, kowanne da sunansa, da watan da yake cika, da watan da yake ƙafewa, da masu amfani da shi. Ya kamata Gwamnatin Jihar Yobe ta ware kuɗin ƙidayar Janairu cikin kasafinta na kowace shekara, ta ƙara da ƙidayar tsirrai sau ɗaya da kaka. Ma'aikata ba za su yi wuya ba, ga Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa, ga kwalejin horon malamai ta tarayya a Potiskum, ga kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI kusa da Jos, wadda tun 2015 take jagorancin aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da taimakon 'yan sa-kai masu aiko da bayani ta wayar hannu. Asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Kumadugu Yobe, wanda jihohi shida suka amince da kafawa a taron Damaturu na 2006, shi ya dace ya zama ma'ajiyar alƙaluman, domin a aje su gaban hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are duk lokacin da za a tsara sakin ruwa.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a yi wasa da shi ba, a yi aikin da mutanen wurin, a kuma rubuta shi da harsunansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maharbi da sarkin ruwa da arɗo da unguwarzoma mai haɗa magani sun san tsuntsu da tsiro da sunansu na Hausa da Ngizim da Karai-Karai da Barbarci da Fillanci, sun kuma san abin da ake gani da can wanda yanzu ba a gani. Tun a 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma daga bakin irin waɗannan mutane ya samo su. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari da 'yan kai jikokinsu ba su iya yi wa ƙasarsu irin wannan hidima ba. Idan an gama ƙidaya kuwa, a karanta sakamakon a gidan rediyo, a manna shi a ƙofar hakimi da bakin kasuwa.

'Yan Arewa mazauna Kudu suna da rawar da za su taka. Suna da ƙungiyoyin gari, suna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa waɗanda gwamnoni da 'yan majalisa ke saurara idan sun zo Ikko. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin gina masallaci ko haƙa rijiya a gida ba za ta kasa sayen madubin hangen nesa guda biyar ta ba makarantar sakandaren garinsu ba, ko ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ya karanta ilmin tsirrai. Wanda ya je gida da Salla kuma, bayan gaisuwa da zumunci, ya taka zuwa tafkin da ya yi wanka yana yaro, ya tambayi dattawa yaushe ya ƙafe bana, yaushe yake ƙafewa a da, ya rubuta ya aje. Ɗan takarar da ya zo neman goyon baya a tambaye shi ruwa nawa aka saki daga Tiga, wa ya auna, ina takardar take.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mafi yawan masu neman kuɗi a Kudu burinsu shi ne wata rana su koma, su sayi 'yan shanu, su yi lambu a bakin ruwa, su huta. Wannan buri ya dogara ne a kan ko ruwan zai jira su, kuma ruwan da ba wanda ke lissafinsa, ranar rabo ba ya samun mai tsaya masa. Allah ya sa hukuma da talakawa su farga tun da sauran dama.